Rahoton da Ba Mu Aika Ba

Kowace al'umma tana da masu tsaron iyakarta, kuma tarihi bai cika yi musu adalci ba. Ni na yi shekara uku ina tsaron tawa da yatsa guda, a kan kujerar roba, a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Bagudo, inda na kama aikin shigar da sunayen marasa lafiya bayan na ajiye alli.

Kwamfuta ɗaya gare mu, mu uku muke taɓa ta. Mai ɗakin gwaji yana da ƙofar shigarsa, da kalmar sirrin da ko matarsa ba ta sani ba, kuma can sakamakon jini yake. Ni da mai ba da magani muna shiga ta ƙofar kowa, wadda ba ta kai mutum ga komai sai sunaye da jerin ƙwayoyi. Likita yana alfahari da wannan tsari, har baƙi yake nuna wa.

Na'urar ba ta jure zafi. Azahar na yi sai manhajar ta sume. Idan ta farfaɗo, wani akwati ya fito da Turanci mai ladabi, yana neman izinin aika rahoton abin da ya faru ga waɗanda suka ƙera ta. Da yake ni ne mai Turancin gidan, ni ake kira. Na karanta sau biyu, na yanke hukunci cewa sirrin mutanenmu ba zai haye teku ba. Ga shi kuma sabis ɗinmu rabin yini na tsallaken iyaka ne, kana zaune a ɗakinka wayarka ta yi maka maraba da Faransanci. Wa ya san hannu nawa rahoton zai bi? Na kafa doka: a danna "kada a aika", kuma kada a haɗa na'urar da intanet sam. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Abin da ban sani ba shi ne, tana rubuta rahoton kafin ta nemi izini. Duk abin da ke kanta a lokacin suman take kwashewa, har da shafin da mai gwaji ya buɗe a bayan ƙofarsa, ta zuba a wata ma'ajiya da kowace ƙofa take kai wa. In ba a aika ba, nan yake zama.

Wani mahauci ya zo mana da kasala da ciwon ciki. Tsohon ɗalibina ne, tun aji huɗu, yanzu da 'ya'ya shida da teburinsa a kasuwa. Gwaji ya nuna ciwon hanta mai yaɗuwa. Da ya fito daga wurin likita sai ya tsuguna gefen kujerata.

"Malam, in wagga magana ta hita, ko kare ba ya cin namana."

"Tashi, sarkin fawa," na ce masa. "Lissafi ne ba ka iya ba, amma ka san ni. Abin da ya shiga akwatin nan ya shiga kabari."

Ya yi dariya kaɗan. A ranar nan manhajar ta sume da takardarsa a buɗe, ni na danna "kada a aika" da hannuna.

Mai ba da maganin ba mugu ba ne. Ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida a Sakkwato, rana tana yi masa tsawo, kuma yana cikin mutanen da sani yake yi wa ƙaiƙayi in suka riƙe shi su kaɗai. Ya ci karo da rahoton mahaucin a ma'ajiyar, ya faɗa wa abokinsa ɗan kabu-kabu, mai jigila a babur zuwa Illo. Mutumin da yake goya mutum ashirin a yini ba ya rasa abin hira.

Ranar kasuwa na bi ta rumfar mahauta. Babu wanda ya zagi mahaucin. Mutane suna yi masa sallama da kyau, su tambayi iyali, su matsa tebur na gaba. Naman ya yi duhu a gabansa har la'asar, yana korar ƙuda da reshen dogon yaro. Ya ɗago ya gan ni.

"Malam, kai ka koya min rubuta sunana," ya ce. "Ashe don a samu na karantawa ne."

Na rantse masa ban faɗa wa kowa ba. Ya ce ai bai ce komai ba.

Likita ya tsare mai gwaji, saura kaɗan ya kore shi. Sai mai maganin ya ja ni gaban na'urar, ya buɗe ma'ajiyar, rahotanni jere tun farkon zuwana, har da ɗan alfahari a muryarsa.

"Baba, mi na sata? Ko ƙyaure ban taɓa ba. Abu a tsakar gida aka aje shi."

An kira mai gyara daga Birnin Kebbi. Ya ce an daɗe da sanin wannan ɓaraka, an kuma daɗe da fitar da maganinta, sai dai yana zuwa ne ta intanet ɗin da na haramta. Kafin ruwan shayinsa ya huce ya toshe ta, ya goge komai. Aka sallami mai maganin, wani kanti ya ɗauke shi a makon.

Mahaucin ya jure kasuwa huɗu, sannan ya sayar da teburin da wuƙaƙen. Ya koma dakon buhuna a Illo, inda mai kaya ba ya tambayar lafiyar wanda ya ɗauka. Babbar 'yarsa ta bar makaranta. Idan muka haɗu har yanzu yana tsugunawa ya gaishe ni, kuma da ya daina da ya fi mini sauƙi.

Bayan wata biyar ya sake gwaji a Birnin Kebbi. Ba a sami komai a jininsa ba.