Ɗakin Iya a Akwatin Shayi

Kafin lantarki ya iso unguwarmu Jarwal, in sanyi ya shigo Makka, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun gawayin kakarmu Iya. Ba ta fara tatsuniya sai ta jawo wani akwatin shayi na katako daga ƙarƙashin gado. A cikinsa ta gina ɗakin mahaifiyarta na can ƙasar Katsina, wanda ta baro tana 'yar shekara tara, ranar da suka kamo hanyar hajji a ƙafa.

Kai, Iya akwai hannu! Gadon kara bai fi tsawon yatsa ba. Randar yumɓu kamar ƙwayar dabino, ƙore na jere kuwa ɓawon lemun tsami ne ta busar. Mu da aka haifa a nan, bakinmu ya fi karkata ga Larabci, don haka sai ta ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya mu faɗi sunansa. Na taɓa ce wa randa "zir", ta dungure mini kai.

"Ja'ira! Zir a gidan wa? Uwata ba ta taɓa shan ruwan zir ba."

Sannan ta gyara zama. "To ga tatsuniya nan ta iso, ku ba ta wuri."

Tatsuniyar wata yarinya ce da za ta yi tafiya mai nisa. Uwarta ta naɗe ɗakinta kaf ta zuba mata a gora, ta ce duk inda ta sauka ta kira kowane kaya da sunansa, zai fito. Wanda ta manta kuwa ya tafi ke nan. Yarinya ta sauka wani gari, ta ji daɗin yarensu. Yau ta manta maburgi, gobe faifai, har ranar da ta girgiza gora ba abin da ya faɗo, ta kwana a ƙasa.

Mu dariya muke yi. Sai wani maraice Iya ta ɗaga 'yar igiyar da ta kitsa da zare, wadda ake rataye ƙwarya a rufin ɗaki, ta buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Ta juya ta a tafin hannu, ta sake juyawa.

"Ku taya ni mana. Ni fa na koya muku."

Wallahi ba wanda ya tuna. Ranar ba a yi tatsuniya ba. Ta yi ta tambayar maƙwabta, kowa sai ya ce mata "abin rataya". Har ta rasu tana cigiyar sunan nan.

Na girma, na ga ana jera irin waɗannan ƙananan ɗakuna a gilashi a gidan tarihi, mutane na leƙe suna yaba aiki. An ma taya akwatin Iya da kuɗi, na hana. Sai a lokacin na gane ba gwaninta take nuna mana ba. Tsoro take ji kada ta rasa uwarta sau biyu.

Wata shekara ina dafa wa alhazai abinci a Mina, na ji wata tsohuwa tana ce wa 'yarta, "Da a gida ne, da na sa nonon nan a ragaya."

Ragaya! Na saki ludayi na miƙe da sauri zan kai wa Iya. Sai da na kai bakin tanti na tuna shekararta goma sha ɗaya a kabari. Na tsaya nan ina kuka, tsohuwar tana tambayata ko wuta ce ta ƙone ni.