Idon Jikar Baba Maɓalli

Baba Maɓalli tela ne, amma ko wando bai taɓa yankawa ba. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya, ramin maɓalli. Telolin layinsu sukan gama riga su turo masa, shi kuma yana kan kekensa a bakin shago, tabarau a kan hanci. Sai ya bi gefen sama da zare, ya bi na ƙasa, ramin yana rufe ruf, a ƙarshe ya sa reza ya tsaga tsakiya. Nan tsoronsa yake, don hannu na gocewa riga ta tashi aiki. Da ɗan ramin nan ya aurar da 'ya'ya, kuma in kana neman faɗa da shi, ce masa aikin yara ne.

Autarsa ce ta haihu tun ciki bai kai wata bakwai ba. Aka sa jaririyar a kwalba a asibiti. Da Baba ya leƙa ta gilashi, sai ya ga fatar idanunta manne take, sama da ƙasa, ba ko 'yar kafa. Bai gaya wa kowa ba, amma a ransa ya gama lissafi, wannan sai an tsaga. To wa zai tsaga?

Bawan Allah sai ya koma gadin hannun likitoci. Kullum yana kan benci yana kallo. Wani dogon likita in ya ɗauki kofin shayi sai kofin ya yi rawa, Baba ya cire shi daga lissafi. Wani mai gemu kuma garaje gare shi, shi ma ya fita. Abinci ya daina shiga, riguna suka taru a shago.

Da abin ya ishe shi ya tare wata nas mai fara'a. "'Yata, don Allah ranar da za a tsaga idon nan, ke za ki riƙe rezar. Na ga yadda kike sa allura."

Nas ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaunar da shi. Ta ce kowa haka ya fara, har shi. Tun farkon ciki fatar ido takan tsiro daga sama da ƙasa, ta haɗu ta manne, ido ya ci gaba da ginuwa a ɓoye, gashin ido ya fito. In lokaci ya yi ta rabu da kanta. Jikarsa dai sauri ta yi, ta riga lokacin isowa.

Baba ya ce ya ji, amma bai bar bencin ba. Wata safiya yana manne da gilashi, idon hagu ya motsa, ya buɗe siriri, baƙi wuluk, ya sake rufewa.

"Kun gani ko?" ya ce wa autarsa, hawaye na bin gemunsa. "Amaryata ta dube ni sau ɗaya, ta ce na tsufa."