Ƴan kunnen da suka tsayar da kwalekwale

Maƙerin zinariya a Gyadi-Gyadi ya jujjuya ƴan ƙarafan nan biyu a tafinsa, ya ce, "Hajiya, wannan ai tagulla ce, kayan inji ne."

Shekaranjiya na tsince su cikin ɗan akwati, naɗe da auduga, ina shirya wa maigidana jakar tafiya. Gyaran injin kwalekwale yake yi, an kira shi tsaunin Mambila. Ni da na sha karatun littattafan soyayya, sai na ɗauka ƴan kunne ne ya sayo min, kyautar bazata. Na ɗauke abina, na kai a sa musu maƙali.

Ina fitowa daga wurin maƙerin sai ga wayar maigidana.

"Rabi, kin ga wani ɗan akwati? Iskar nan sama ba ta da ƙarfi, mai yana yi wa injin yawa yana shaƙewa. Abin ciki ne zai rage man. Ga mutane da buhunan masara sun cika bakin kogi suna jirana."

Na ce, "Wai ƴan kunnena?"

Ya ce, "Ki kai su tasha, ki ba direba ya kawo min."

Kwana biyu mota ke yi a hanya. Jama'a, da wane ido zan tare shi ranar da ya dawo?