Sabis a Saman Gawo

Ko zan manta sunana, ba zan manta daminar da na kusa sa Yayana ya maimaita shekara a jami'a ba. Laifina kuwa ɗan ƙarami ne: na hau bishiya, ban faɗa wa kowa na hau ba.

Yaya yana shekarar ƙarshe a lokacin. Aikin da zai kammala karatu da shi shi ne dasa wasu 'yan na'urori masu auna danshin ƙasa a gonaki. Kowacce tana da tsinken ƙarfe da ake sokawa a ƙasa, da ɗan akwati mai layin waya, da faifan sola kamar tafin hannu. Ita da kanta za ta riƙa turo wa kwamfutarsa saƙo, shi yana ɗaki yana shan fura. Sharaɗin malaminsa ɗaya ne: a fara awo daga ruwan shuka. In ruwa ya sauka na'urorin ba su yi magana ba, sai baɗi.

Ƙauyenmu yana hanyar Mai'adua, inda sabis ke zuwa ranar da ya ga dama. Yaya ya shimfiɗa taswira a tabarma, ya ɗiga jan biro a gonakin dangin da suka yarda, sannan ya miƙo mini tsohuwar wayarsa da makullin babur.

"Auta, ka je kowace gona ka turo mini saƙo. Inda saƙo ya shigo, nan zan dasa."

Ni da ko madubin babur ɗin ba a bari in taɓa. Ranar nan har kaji sun san na fito.

To, a garinmu ko jariri ya san ba a neman sabis a ƙasa. Inna ma a reshen darbejiya ake rataye mata wayarta, in ta yi ƙara a aike ni in sauko da ita. Saboda haka duk gonar da na shiga, gawo nake nufa kai tsaye. In hau, ƙaya ta ci rabonta a jikina, in miƙa hannu sama kamar mai roƙon ruwa, in rubuta, "Sabis cike, har yana zuba." Na dawo gida da rabin wando da cikakken alfahari. Yaya ya duba saƙonnin, ya ce bai san ina da amfani haka ba.

Ranar dasawa ya kafa akwatunan a kan turaku, tsayinsu bai wuce gwiwa ba. Na gani da idona, amma hankalina yana kan wanda zai tuƙa mu gida. Muka dawo, ya buɗe kwamfuta. Shiru. Ya kashe ya kunna, ya zagi batir, ya zagi kamfanin waya. Gabas kuma ta fara yin baƙi.

Ya figo ni muka koma gonar Kawu. Ya zaro waya, ya juya gabas, ya juya yamma, ko ɗigo babu.

"Auta, a ina ka tsaya ka turo saƙon?"

Na nuna masa sama.

Ya bi yatsana da kallo har ƙololuwar gawo. Kawu, da yake gyaran kunya a gefe, ya jingina da fartanya yana dariya har da tari.

"Yo kai ma, ɗan nan, wa ka taɓa gani ya samu sabis a ƙasa a garin nan? Yaron ya yi daidai."

"Kawu, na'urar ba ta iya hawa bishiya ba."

"To ai ga mai iyawa nan."

Na ɗauka duka zan sha. Sai na ga Yaya ya ƙura wa gawon ido. Gawo dai da damina yake zubar da ganye, wato rana za ta sami faifan sola ba shamaki. Ya haye babur sai Daura, ya dawo da naɗin wayar lantarki mai tsawo kamar za a ɗaure gari. Tsinke ya zauna a ƙasa, akwati ya koma sama, wayar ta haɗa su. Ni kaɗai na san reshen da sabis yake a kowace gona, don haka ni na sake hawa, da akwati a goye kamar jariri, iska tana kaɗa ni, Yaya yana ƙasa yana cewa, "Ka riƙe akwatin, kai ko ka faɗo za ka warke."

Ina kan gawon ƙarshe ɗigon farko ya faɗo mini a ka. Muka iso gida sharkaf, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Yaya ya buɗe kwamfuta, lambobi suka fara shigowa gona bayan gona. Ya ɗauke ni cak yana juyi, Inna tana cewa mu fita kada mu fasa mata randa.

Tun daga nan na koyi cewa in aka aike ka ka dubo abu, kada ka tsaya ga faɗin abin da ka gani, ka faɗi inda ka tsaya ka gan shi. Yaya ya kammala karatunsa a shekarar. Ni kuma na ƙare daminar ina hawa gawo ina goge kashin tsuntsu daga faifan sola, kuma a ƙasa nake zuwa, don ya karɓe makullin babur.