Hoton da Kawu Ya Sauke

Jiya a Keke Napep, kan hanyar Barnawa, fasinjoji biyu suka kaure da gardama a kan wani marigayi shugaban ƙasa na mulkin soja. Sai na tuna kawuna, mai aski a Makera.

Kawu masoyin shugaban ne, don haka da shugaban ya rasu sai Kawu ya rataya hotonsa saman madubi. Wata rana ina zaune ina jiran aski, shagon na ƙamshin hoda, sai wani tsohon kwastomansa, Kirista ma'aikacin masaƙa, ya ja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ba zan zauna ƙarƙashin mutumin nan ba. A tsare ƙanena ya mutu a zamaninsa."

Kawu ya kashe injin aski, kamar yadda ya saba idan magana ta yi nauyi.

"Ni zaman lafiya na gani, ban san wannan ba. Shigo ka ba ni labari."

Ya saurare shi har shayinsa ya huce. Bai ce ya sauya ra'ayi ba, amma ya sauke hoton, sannan ya ɗaura wa mutumin ƙyalle a wuya.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba mu kunne irin nasa.