Kallabin Inna Hassu

Gareji na gina a Konni, motoci na saya, ba wanda ya tallafe ni. Ban saba yabon mutum ba, amma Inna Hassu ta Tsarnawa daban ce.

Lokacin da salula ta fara shigowa, bayan kokawar kaka, wani yaro ya maka wa ɗanta Sani sanda, ido ya tsiyaye. Na maido Inna da Sani daga asibiti, muka iske abokan Sani da sanduna ƙofar gidan yaron.

Ta cire kallabinta, ta shimfiɗa bakin zaure.

"Inna, kauce mana."

"Ɗiyana, ku ƙetare shi in kun iya. Idon ɗan wata ba zai maido na Sani ba."

Suka watse.

Ku rubuta sunana, Ilu mai gareji, cikin masu shaidar kirkinta. Kun taɓa ganin irinta?