Baba Ƙasimu Gadina da Fulogi Mai Dogon Wuya

Na san Baba Ƙasimu ne ta dalilin wani tsohon injin yankan ciyawa da mahaifina ya bari a gidanmu na Tarauni. Da na dawo daga karatu a Indiya, cikin daminar 2001, na tarar ciyawa ta cinye bayan gida, injin kuma yana jingine a ɗakin ajiya, ko sau ashirin ka ja igiyarsa ba ya ko tari. Wani maƙwabci ya ce fulogi ne. Na kwance shi na jefa a aljihu, na hau acaɓa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, shagon Austin, mutumin kudu da ke sayar da kayan janareta da injin ban ruwa tun ina firamare.

Austin bai karɓi fulogin ba. Da baki ya nuna min wani dattijo siriri da ke zaune a benci a ƙofar shagon, sanye da tsohuwar rigar kaki wadda ta sha guga.

"Ba wa likita ya duba tukuna," in ji shi.

Dattijon ya juya fulogin a tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama yana kallon bakinsa, ya goga da babban yatsa.

"Wannan ba mutuwa ya yi ba, shaƙe shi aka yi. Ka ga baƙin nan busasshe? Mai ya yi wa iska yawa. In ka sa sabo ba ka wanke matatar iska ba, sati biyu za ka dawo kana zagin Austin, shi kuwa bai yi maka komai ba."

"Yau dai ka faɗi gaskiya, Baba," in ji Austin daga ciki.

"Kullum ita nake faɗa. Ita ce ta zaunar da ni a bencinka."

Ya shiga shagon da kansa, ya ture kwalaye uku, ya fito da ɗaya. Ya jera shi da nawa don in ga wuyansu, wato wurin da ake murɗawa ya shige cikin inji. Tsawonsu ɗaya. Ya ce min kada in taɓa yarda da kwali mai kyau ko da bakin mai shago: in duba lamba, in duba wuya, in duba tazarar da wuta ke tsallakewa. Daga nan ya ce zai biyo ni ya ga injin da idonsa. A ranar da ranakun da suka biyo baya na ji labarinsa, wani daga bakinsa, wani daga bakin Austin.

An haife shi a wani ƙauye gabas da Wudil. Ya shigo Kano yana saurayi, ya yi dako, ya yi leburanci, har a 1977 aka ɗauke shi gadina, wato mai kula da ciyawa da furanni, a wata hukumar gwamnati da ke nan yankin Tarauni. Hukumar tana da fili mai faɗi a gaban ofis, an shimfiɗa masa ciyawa, da inji guda na yankanta. Tsohon gadinan da ya tarar ne ya koya masa karanta bakin fulogi. Ruwan ƙasa lafiya ne. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na tsallakowa. Fari fat, inji na ƙonewa a ciki. Ƙasimu bai yi boko ba, amma ya haddace lambobin fulogi kamar sunayen 'ya'yansa. Injin farko ya yi shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Na biyu, wanda aka sayo a 1988, yana nan da ransa har ranar da aka raba su.

"Na ga gwamnatin farar hula, na ga sojan da suka ture ta, na ga waɗanda suka ture su," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake sa wa inji. Ciyawa dai su tarar a yanke."

Ranar da soja suka miƙa mulki a watan Mayun 1999, ya ce har ɗan rediyonsa ya rataya a hannun inji yana saurare, yana murna kamar kowa. An ce yanzu talaka zai yi magana a ji.

Bayan wata biyu aka kawo sabon shugaban hukuma, shi kuma ya zo da sababbin 'yan kwangila. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka ce ya yi wa jam'iyya hidima lokacin zaɓe, shi aka ba sayo kayan gyara. Ya kawo katan guda na fulogi, aka buga wa kowane kwali hatimin hukuma, aka jera a sito.

Mai kula da siton, Malam Mu'azu, abokin Ƙasimu ne. Shekara goma sha biyar suna sallar azahar a sahu ɗaya, suna cin ɗanwake a kwano ɗaya. Shi ya miƙa masa fulogin farko daga cikin katan ɗin. Ƙasimu ya buɗe, ya duba, ya mayar.

"Malam Mu'azu, wannan na babur ne."

"Na inji aka rubuta a takarda."

"Takarda ba ta shiga cikin inji. Dubi wuyansa. Injina gajeren wuya yake ɗauka. In na ɗaura wannan, bakinsa zai zarce ciki, fistin ya taso ya same shi."

Mu'azu ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya.

"Ƙasimu, ka san wanda ya kawo kayan nan?"

"Ko wane ne, wuyan dai dogo ne."

"To ni ba zan rubuta cewa kayan ba su yi ba. Ka karɓa ka dangwala hannu, duk sati uku ka zo ka karɓi wani, haka aka tsara. Abin da ka yi da shi tsakaninka da injinka."

Fulogi ɗaya mai kyau yakan kai injin damina guda har ya zarce. Amma sai an riƙa fitarwa katan zai ƙare a sake kawo wani.

Ƙasimu ya yi abin da ya ga shi ne daidai. Ya zo wurin Austin ya sayi mai gajeren wuya da kuɗinsa, ya ɗaura wa inji. Na sito kuwa yakan karɓa, ya dangwala, ya sa a aljihu. Bai bar su a ɗakin kayan aiki ba, don in aka gan su sababbi za a san ba a amfani da su, Mu'azu ya shiga uku. Bai jefar ba, don kayan gwamnati ne. Gida ya riƙa kai su, ɗakinsa na haya a Gyaɗi-Gyaɗi, yana tarawa a wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. A ransa, wata rana za a sauya ɗan kwangila, ya kwaso su ya mayar.

Na tambaye shi ko ya taɓa gaya wa wani.

"Wa zan gaya wa? Ko matata ban gaya wa ba. Nan na yi wauta."

Matarsa Asabe ta san da gwangwanin, amma ta ɗauka tarkacen aikinsa ne. Wata safiya bayan ya fita, babur ɗin maƙwabcinsu Bello, ɗan acaɓa mai iyali, ya ƙi tashi. Bello ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa shi. Asabe ta tuna da gwangwani, ta aika masa da guda biyu. Suka yi daidai, tunda dama na babur ne. Bello ya yi ta sa albarka, ya cusa kwalin na biyu a aljihun gaba, hatimi a waje, ya tafi neman abinci. Fasinjansa na uku a ranar masinja ne a hukumar.

Kafin la'asar an zo gida an ɗauki gwangwanin. Guda tara aka samu a ciki, da biyun Bello, goma sha ɗaya.

Aka kafa kwamiti na mutum uku. Austin ya rufe shagonsa ya zo don ya ba da shaida cewa shi ya sayar masa da fulogin da ke jikin injin. Mai gadi ya tsayar da shi a ƙofa, ya ce ba a kira shi ba. Ya tsaya a rana har azahar.

A ciki, Ƙasimu ya roƙi a bar shi ya nuna abu ɗaya. Ya ɗauki fulogin sito, ya fito da wani tsoho na injin daga aljihu, ya jera su a kan tebur a gaban shugaban kwamitin.

"Ranka ya daɗe, ido kawai nake so. Dubi wannan, dubi wannan."

Shugaban bai sunkuya ba.

"Malam, fulogi fulogi ne. Tambaya ɗaya ce. An ba ka kayan nan?"

"An ba ni."

"Ka sa wa injin gwamnati?"

"Da na sa, da ya mutu."

"Ka sa ko ba ka sa ba?"

"Ban sa ba."

"A ina aka same su?"

"A ɗakina."

"To me ya rage?"

Aka kira Mu'azu, aka tambaye shi ko gadina ya taɓa kawo ƙorafi a kan kayan. Ƙasimu ya ce Mu'azu bai kalle shi ba, fanka yake kallo. Mu'azu ya amsa cewa shi dai ba wani ƙorafi a rubuce da ya zo hannunsa. Gaskiya ce kuwa, Ƙasimu ba ya rubutu.

Takardar ta fito bayan sati guda. Kora ce, saboda karkatar da kayan gwamnati. Bayan shekara ashirin da biyu yana aiki. Ya nuna min ita, a naɗe cikin leda, ta yi laushi saboda buɗewa da rufewa, shi da ba ya iya karanta ta.

"Ba fansho ke ci min rai ba, Malam Sulaiman," in ji shi, karo na farko da ya kira sunana. "Allah na ciyar da ni. Layin nan guda ɗaya da ya mai da ni ɓarawo, shi ke ci min rai. A masallacin unguwa ni nake riƙe makullin ɗakin lasifika da tabarmi shekara tara. Sati biyu bayan takardar nan, liman ya aiko a karɓa, wai ana so in huta."

Bello ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri. Asabe ta yi kuka har ta gaji. Ƙasimu ya ce bai taɓa ɗaga mata murya a kan maganar ba, amma Austin ya ce min tun daga lokacin a shago yake cin abincin rana.

Wanda aka ɗauka a madadin Ƙasimu ya karɓi fulogi a sito, ya ɗaura, ya ja igiya. Masu gadi sun ce ƙara ɗaya aka ji, kamar an buga guduma a kan tukunya. Injin bai ƙara tashi ba.

Kwana biyu bayan haka Mu'azu ya zo shagon Austin da hantsi, ya tsaya a gefen benci yana murza hula.

"Ƙasimu, ko za ka zo ka duba mana shi? A ɓoye. Akwai baƙi ranar Litinin."

"Zan zo. Amma ka rubuta min layi ɗaya, ka ce fulogin nan dogo ne. Ka sa hannu."

"Ina da 'ya'ya bakwai, Ƙasimu."

"Ni nawa itatuwa ne?"

Mu'azu ya tafi. Daga baya labari ya zo cewa a rahoton da aka rubuta, an ce injin ya lalace ne saboda tsohon gadina ya daɗe yana sa masa kayan da ba na hukuma ba.

Da na ji wannan, na ce zan rubuta masa takardar koke. Na zauna na tsara ta da kyau, na zana fulogi biyu da tsawon kowanne, Austin ya sa hannu a matsayin shaida. Baba Ƙasimu ya sa rigar kakinsa muka kai tare. A ƙofar ya tsaya yana kallon filin. Ba ciyawa. An zuba kankare daga bango zuwa bango, motoci na fake a kai.

"A nan injin ke yin tuntuɓe," in ji shi, yana nuna ƙarƙashin wata jar mota. "Akwai saiwa a wurin."

Wata huɗu muka jira. Amsar layi biyu ce: an riga an rufe maganar, kuma injin da ake batu a kai an yi gwanjonsa, ba yadda za a yi a gwada. Na karanta masa a bencin Austin. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya karɓa ya naɗe ta, ya haɗa da ta farko a cikin ledar.

Har yanzu yakan zo gidanmu farkon damina ya duba injin mahaifina. Zuwansa na ƙarshe ya canza fulogi, ya ja igiya sau ɗaya injin ya kama. Na shiga ciki ɗauko masa ruwa, na fito na tarar yana tsaye yana jirana, tsohon fulogin da kwalin sabon a tafin hannunsa.

"Baba, ai wannan ya mutu. Ka jefar a hanya, ko ka riƙe in zai yi maka amfani."

Ya kamo hannuna, ya zuba min su, ya naɗe yatsuna a kai.

"Jefar da abinka da kanka. Ni ba na fita daga gidan kowa da fulogi a aljihu."